Zaɓen wuri ko ƙuri'a ta gidan waya: wanne zan bi?

Tambayar ta fito ne daga wata ma'aikaciyar jinya da ta samu takardar zama 'yar ƙasa a Amurka, kuma wannan ne zaɓen farko da za ta yi. Ranar zaɓe tana bakin aiki na awa 12. Mahaifiyarta, wadda ita ma ta cancanci zaɓe, ƙafa ta hana ta doguwar tsayuwa. Ƙanenta kuma yana aiki a wata ƙasa. Ta ce tana jin ana maganar zaɓen wuri, wato yin zaɓe da wuri kafin ranar, da ƙuri'a ta gidan waya, shin abu ɗaya ne? Kuma da gaske ne a nan aka fi tafka maguɗi?

'Yar'uwa, ba abu ɗaya ba ne, kuma ku ukun nan kowa da ƙofar da ta dace da shi. Ke ki je ki yi zaɓen wuri da ƙafarki. Mama a nema mata ƙuri'a ta gidan waya, in har fitar za ta wahalar da ita. Ƙanenki kuwa, in shi ma ɗan ƙasa ne, akwai dokar tarayya da aka yi musamman don irinsa. Dalilin da ya sa na raba muku haka shi ne, duk lokacin da takardar ƙuri'a ta yi nisa da rumfar zaɓe, sauƙi yana ƙaruwa, amma aikin da malaman zaɓe suke yi wa mutum na kama kuskure da tsare masa sirri sai ya dawo wuyansa shi kaɗai.

Ranar Talatar da ta takura ki tsohuwar doka ce. A 1845 majalisar dokokin Amurka ta tsayar da Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, a zamanin da yawancin masu zaɓe manoma ne da ke hawa doki su yi tafiyar yini kafin su kai rumfa. Ba a yi ta don mai aikin asibiti ba. Maimakon a canja ranar, sai jihohi suka yi ta buɗe wasu ƙofofi a gefenta, har ta kai a zaɓen 2020, lokacin annobar korona, hukumar ƙidaya ta ƙasar ta gano kusan kashi 43 cikin ɗari sun yi zaɓe ta gidan waya, kashi 26 kuma sun je da kansu kafin ranar. Wato waɗanda suka jira Talatar ba su kai ɗaya bisa uku ba.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne babu wata doka guda da ta game ƙasar kan wannan. Kowace jiha da tsarinta, gundumomi ne kuma ke gudanar da aikin, kuma majalisun jihohi da kotuna suna yawan taɓa ƙa'idojin. Don haka duk ranar da na ambata a nan misali ce. Ofishin zaɓe na gundumarku shi ne mai maganar ƙarshe, kuma abin da abokiyar aikinki ta yi a wata jiha ba lallai ya yi miki aiki ba.

Zaɓen wuri ba komai ba ne face zaɓen da kika sani, sai dai an buɗe shi kwanaki kafin ranar. A Teksas ana farawa saura kwana 17, a rufe saura kwana 4. A Virginia tun saura kwana 45 ake buɗewa. A zaɓen 2024 jihohi uku ne, Alabama da Mississippi da New Hampshire, ba su buɗe wannan ƙofa ga kowa da kowa ba. Galibi ɗakin karatu na unguwa ne, ko ofishin gunduma, ko wani zauren taro. Za ki shiga, malamar zaɓe ta nemo sunanki a kwamfuta ko a littafin rajista, ki nuna katin shaida idan jiharku na buƙata, ki sa hannu, a miƙa miki takarda ko a nuna miki na'ura, ki shiga bayan labule ke kaɗai. A wurare da yawa ma ba dole sai rumfar unguwarku ba, kowace cibiya a cikin gundumar za ta karɓe ki, don haka kina iya zaɓar wadda ke kan hanyarki ta dawowa daga aiki. Wasu jihohin suna buɗewa har Asabar da Lahadi.

Ga abin da ya sa na fi so ki bi nan, musamman da yake zaɓenki na farko ne. A ce kin yi kuskure kin cike wa mutum biyu da'ira a kujera ɗaya. A inda ake saka takarda cikin na'urar ƙirga a gabanki, na'urar za ta yi ƙara ko ta nuna saƙo ta dawo miki da ita, malamin zaɓe ya soke ta ya ba ki sabuwa. A ce kuma an rubuta sunanki ba daidai ba, abin da ke yawan samun masu sunaye irin namu, ko adireshinki na tsohon gida ne ke rajista. Idan ranar Talatar ƙarshe kika gano haka da ƙarfe bakwai na yamma, abin da za ki samu shi ne ƙuri'ar wucin gadi, wadda ake ajiyewa gefe sai an bincika kafin a ƙirga. Idan kuwa saura kwana goma kika gano, kina da sararin komawa gida ki ɗauko takardu. Wannan tazarar ita ce babbar ribar zaɓen wuri, ta fi ma gudun layi. Layin ma ba kullum ake tsira daga gare shi ba: ranar farko da ranar ƙarshe sukan cika maƙil, tsakiyar mako da hantsi ne wurin ke zama wayam.

Aibinsa ɗaya ne, in kin saka, bakin alƙalami ya bushe. A zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat a 2020, Pete Buttigieg ya janye ranar 1 ga Maris, Amy Klobuchar ta bi shi washegari, alhali ranar 3 ga wata ne jihohi da dama za su yi zaɓe a tare. Ɗimbin mutane a Kalifoniya da Teksas sun riga sun ba su ƙuri'a, ta tafi a banza. Don haka a zaɓen fidda gwani kada ki yi gaggawa, ki bari sai kwanakin ƙarshe. A babban zaɓe ba kasafai hakan ke faruwa ba. Wasu ƙasashen sun nemo wa abin magani: a Suwidin wanda ya yi zaɓen wuri yana iya zuwa rumfarsa ranar zaɓe ya sake, a jefar da ta farkon. A Estoniya, inda ake zaɓe ta intanet tun 2005, mutum na iya canja ƙuri'arsa sau nawa ya ga dama kafin a rufe, ta ƙarshen ce za ta yi aiki. A yawancin Amurka babu wannan.

Yanzu maganar Mama. Ƙuri'a ta gidan waya ta samo asali ne daga sojoji. A yaƙin basasar Amurka, jihohi da dama sun ba sojojinsu damar yin zaɓen 1864 daga sansani. Shekaru da yawa bayan nan, sai mai uzuri ake ba wa: mara lafiya, matafiyi, soja. Kalifoniya ta cire sharaɗin uzuri a 1978. Oregon ta wuce nan, mutanenta suka amince a 1998 a riƙa aika wa kowa takardarsa gida, sannan Washington da Colorado da wasu suka bi sahu. To yau jihohin sun kasu uku: inda takarda za ta zo miki ko ba ki nema ba, inda sai kin nema amma ba a tambayar dalili, da inda sai kin kawo uzurin da doka ta lissafa. Teksas na cikin na ukun, sai dai wanda ya kai shekara 65 ko mai rashin lafiyar da ke hana shi zuwa rumfa ya shiga cikin masu uzuri. Da wuya a samu jihar da Mama ba za ta cancanta ba. Ke ce ma, a irin waɗannan jihohi, za a iya cewa aiki ba uzuri ba ne tunda ga zaɓen wuri nan.

A nan nake so ki nutsu, don a nan ake asarar ƙuri'u. Ranar da saƙon ya iso, ki share tebur ki baje shi. Za ki ga takardar ƙuri'a, da takardar bayani, da babban ambulan na mayarwa mai ɗauke da sunan Mama da wurin sa hannu, sannan a jihohi da yawa akwai ƙaramin ambulan da ba a rubuta sunan kowa a kai ba. Hikimar ita ce, na wajen yana faɗin wace ce ta yi zaɓe, na cikin yana ɓoye wa ta zaɓa. A ofishin zaɓe wani zai duba na wajen ya tabbatar da ita, ya farke, ya jefa ƙaramin cikin tulin 'yan'uwansa, daga nan babu mai iya sanin na waye. Afirka ta Kudu ma da ambulan biyu take amfani idan jami'anta suka je gida don tsofaffi da marasa lafiya su yi zaɓe. A Pennsylvania kotun ƙolin jihar ta yanke a 2020 cewa takardar da ta zo babu ƙaramin ambulan ba za a ƙirga ta ba. Mutum ya zaɓi wanda yake so, ya aika kan lokaci, amma ya bar ɗan ambulan ɗin a kan tebur yana zaton shara ce.

Sai sa hannu. Jihohi da yawa suna gwada sa hannun da ke kan ambulan da wanda ke cikin rajista, sau da yawa wanda mutum ya yi a ofishin lasisin tuƙi shekarun baya. Hannun tsoho yana canjawa, ya fara rawa, ko ciwon gaɓɓai ya sa ya gajarta. Idan kin san na Mama ya canja, ki tambayi ofishin yadda ake sabunta shi tun kafin a turo takardar. Kuma ko da wasa kada ki sa mata hannu don ki hutar da ita. Laifi ne, kuma shi ne abin da masu dubawa suka fi saurin kamawa. Wasu jihohin suna ƙara da mai shaida: Wisconsin mutum ɗaya, Alabama mutum biyu ko jami'in da ke buga hatimin rantsuwa. Wasu kuma lambar katin shaida suke nema a rubuta. A zaɓukan 2016 da 2020, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'un da aka mayar ta gidan waya aka ƙi karɓa, kuma dalilan da suka fi yawa su ne makara, rashin sa hannu, da sa hannun da bai yi kama ba. Kashi ɗaya kamar ba komai, amma dubban ɗaruruwan mutane ne, kuma an fi samunsu cikin masu yin abin a karon farko.

Game da taimaka mata, dokar tarayya tun 1982 ta ba mai naƙasa, ko makaho, ko wanda bai iya karatu ba damar ya zaɓi wanda zai taimake shi, muddin ba ubangidansa na wurin aiki ba ne ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa. Kina iya karanta mata, ki fassara mata, har ki cike mata inda ta nuna. Amma ki duba bayan ambulan, galibi akwai gurbin da mai taimako zai rubuta sunansa ya sa hannu, kuma barin sa babu komai na iya jawo matsala. Haka nan ki bincika wa doka ta yarda ya mayar da ƙuri'ar wani. A wasu jihohin kowa na iya kai wa kowa, a wasu sai ɗan gida, a wasu kuma an ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai ɗauka.

Lokaci kuwa kada ki yi caca da shi. Wasu jihohi sun ce dole ambulan ya iso hannunsu kafin a rufe rumfuna ranar zaɓe. Wasu sukan karɓa bayan nan idan tambarin gidan waya ya nuna an aika kan lokaci, amma wannan rangwamen an sha kai shi kotu, kuma jihohi na canja shi. Ni dai shawarata ki ɗauka babu shi. Hukumar gidan waya da kanta tana cewa a aika aƙalla mako guda kafin wa'adi. In lokaci ya ƙure, ki kai ofishin zaɓe da hannu, ko akwatin ƙarfen da suka kafa don haka inda ake da shi. Bayan nan ki shiga shafin ofishin ki bibiyi ƙuri'ar kamar yadda ake bibiyar kaya, za ki ga ranar da ta iso da ranar da aka amince da ita. Jihohi da dama suna kira ko su aiko saƙo idan akwai gyara, su ba da 'yan kwanaki, don haka ki rubuta lambar wayar da ake ɗauka. Kafin duk wannan ma, ki tambaya ko gundumarku na kawo wa mai ciwon ƙafa takarda har cikin mota a ƙofar cibiyar zaɓen wuri. Inda ake yin haka, sai ki tafi da Mama ranar da za ki yi naki, ku huta da zancen ambulan gaba ɗaya.

Ƙanenki nasa ya fi sauƙin bayani. Dokar 1986 ta tabbatar wa sojoji da 'yan ƙasa mazauna waje damar yin zaɓen tarayya a jihar da suka zauna a ƙarshe, gyaran 2009 kuma ya wajabta wa jihohi su tura musu takarda aƙalla kwana 45 kafin zaɓe, har ta imel idan sun nema. Fom guda zai cike, wanda ake kira FPCA, kuma gara ya riƙa sabunta shi kowace shekara. Idan takardarsa ta maƙale a hanya, akwai wata ta ko-ta-kwana da zai sauke daga intanet ya rubuta sunan ɗan takara da hannu. Nisa ba hujja ba ce: Teksas ta yi doka a 1997 don 'yan sama jannati, kuma a shekarar ɗan sama jannati David Wolf ya yi zaɓe daga tashar sararin samaniya ta Mir.

To batun maguɗi. Ba zan ce miki babu ba. A 2018, a mazaɓa ta 9 ta Karolina ta Arewa, ɗan takarar Republican Mark Harris yana gaba da ƙuri'a 905, amma hukumar zaɓen jihar ta ƙi tabbatar da sakamakon, ta sa aka sake zaɓe a 2019, saboda an gano wasu da aka biya suna bi gida-gida suna karɓar ƙuri'un gidan waya daga hannun mutane. Kotu ta soke sakamakon zaɓen magajin garin Miami na 1997 kan irin wannan. A Birmingham ta Ingila ma an soke zaɓen wasu kansiloli na 2004, abin da ya sa daga baya Birtaniya ta wajabta sa hannu da ranar haihuwa a kan takardar da ke raka ƙuri'a. Faransa kuwa tun 1975 ta rufe wannan ƙofa a cikin gida saboda maguɗi, ta bar wa mutanenta wakilci, wato ka ba wani amintacce izini ya je ya kaɗa a madadinka.

Ki lura da abin da ya haɗa misalan nan. Zaɓuka ne da tazararsu ƙanƙanuwa ce, kuma kullum akwai ɗan tsakiya da ya shiga tsakanin mai zaɓe da akwati. Kuma an kama su ne saboda abin yana barin sawu: kowane ambulan da suna a kansa, ga sa hannu, ga ranar da aka nema, ga mutane da yawa da dole su san sirrin. Ɗaruruwa ana iya gwadawa, amma miliyoyi ba tare da asiri ya tonu ba, wannan magana ce kawai. Zarge-zargen da aka yi bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2020 an kai su kotuna da dama, ba su tsaya ba. Jamus ta yi zaɓen 2021 kusan kashi 47 cikin ɗari ta gidan waya, a Siwizalan kuwa mafi yawan mutane haka suke yi, ba tare da an shiga rikici ba. Wani lokacin ma sakaci ne ba sata ba. A 2016 kotun tsarin mulki ta Ostiriya ta soke zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa don an buɗe ambulan ba bisa ƙa'ida ba, duk da ba a samu shaidar an canja ƙuri'a ba. Da aka zo sakewa a Oktoba sai aka tarar gam ɗin ambulan ba ya kamawa, dole aka ɗage zuwa Disamba.

Abin da ya fi damuna a ƙuri'ar gida ba ya zuwa kotu. Labulen rumfa an yi shi ne don mutum ya iya ce wa kowa "to" a waje, ya shiga ya yi abin da ransa ke so. A falo babu labule. Miji na tsaye a kan matarsa, ɗa na riƙe da biro yana cewa "Mama ga wanda ya dace", wanda ya ba da kuɗi na iya cewa a nuna masa takardar kafin a liƙe. Babu na'urar da ke gano wannan. Shi ya sa idan kin gama karanta wa Mama sunayen, kuma tana iya riƙe biro, ki tashi ki ba ta wuri.

Wani abu da ke sa mutane zargi shi ne jinkirin sakamako, alhali sau da yawa doka ce ta jawo shi. Fulorida na barin ma'aikata su fara buɗe ambulan da tantancewa makonni kafin zaɓe, don haka a daren take bayyana kusan komai. Pennsylvania a 2020 ba ta yarda a taɓa su ba sai ƙarfe bakwai na safiyar ranar zaɓe, ga miliyoyin ambulan jibge, shi ya sa sai ranar Asabar, 7 ga Nuwamba, kafafen labarai suka iya faɗin wanda ya ci. Kuma da yake a shekarar magoya bayan Democrat ne suka fi bin gidan waya, sai alƙaluma suka riƙa juyawa yayin da ake ƙirga nasu.

Zaɓe sau biyu kuma, da zarar an karɓi ƙuri'arki ana yi wa sunanki alama a rajista, kuma gwadawa babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Inda mutanen kirki ke rikicewa shi ne idan sun nemi ta gidan waya sannan suka canja shawara. Idan hakan ta faru da Mama, ta ce ita fa sai ta ga akwati da idonta, kada ku yar da saƙon. Ku tafi da shi dukkansa, takarda da ambulan, ku miƙa wa malamin zaɓe. A jihohi irin Pennsylvania zai soke shi a gabanku ya ba ta takarda ta sosai. In kun je hannu rabbana, ta wucin gadi za a ba ta, sai an tabbatar waccan ba ta iso ba kafin a ƙirga.